Makarantar Raino Ba Ta Ɗauke Wa Gida Aikinsa Ba

A garuruwanmu yanzu da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ga makarantar raino ba. Waɗansu na gwamnati ne, waɗansu na Ikkilisiya, waɗansu kuwa na masu neman na kansu. Da sassafe sai ka ga iyaye mata da yayye suna jan hannun yara 'yan shekara uku ko huɗu, jaka a baya, gorar ruwa a wuya. Wannan abin murna ne. Amma akwai maganganu biyu da mu malamai muke yawan ji, dukansu kuwa suna cutar yaro.

Ta fari ita ce, wai koyar da ƙananan yara ba ya bukatar gwaninta, duk yarinyar da ta gama sakandare ta rasa aiki za ta iya. Ta biyu ita ce ta iyayen da suke cewa, "Ai mun biya kuɗin makaranta, sauran aiki na Malama ne." Domin a warware waɗannan maganganu, bari mu koma baya mu ga yadda wannan aiki ya soma, da abin da waɗanda suka kafa shi suke nufi. Za mu tarar tun daga ranar fari an ɗora shi a kan ƙafa biyu, watau malama mai horo da kuma gidan da yaro ya fito.

Makarantar Cinyar Uwa

Yohanna Amos Komeniyus bishop ne na Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Morabiya, cikin ƙasar da ake kira Jamhuriyar Cek a yau. An haife shi a shekarar 1592. Yaƙi da tsanani suka kore shi daga ƙasarsa, ya yi gudun hijira zuwa Folan. Yana can ne a shekarar 1633 aka buga wani ɗan littafinsa a kan renon yara daga haihuwa har shekara shida.

Komeniyus ya raba karatun ɗan Adam kashi huɗu, kowane kashi shekara shida. Kashi na fari ya kira shi makarantar uwa. Ba ta da gini, ba ta da allo. Malamarta ita ce uwa, ajinta kuwa tsakar gida. A ganinsa, yaron da ya san sunan ruwa da wuta da dutse, ya san rana da wata, ya iya ƙirga yatsunsa, ya san jiya da gobe, ya riga ya kama bakin zaren dukan ilimin da zai koya daga baya. Saboda haka littafinsa ga iyaye ya rubuta shi. A lokacin babu wata sana'a da ake kira koyar da ƙananan yara.

Fasto Da 'Yan Matan Ƙauye

Sai bayan shekara fiye da ɗari aka sami abin da za a kira makarantar ƙananan yara. A shekarar 1767 aka tura wani matashin fasto mai suna Yohanna Oberlin zuwa Waldersbach, wani ƙauye a kan duwatsu a gabashin Faransa. Mutanen wurin matalauta ne ƙwarai, ƙasar ba ta da albarka, sanyi kuwa mai tsanani ne. Iyaye suna gona ko dawa wuni zubur, ƙananan yara suna yawo cikin datti ba mai kula da su.

A shekarar 1769 Oberlin ya sami labarin wata budurwa mai suna Saratu Banzet, wadda take tara yaran ƙauyensu tana koya musu saƙa. Ya ga abin da idonsa, ya ɗauke ta aiki, ya nemi ɗaki mai murhu inda yara za su sami ɗumi. Daga nan sauran ƙauyuka suka bi. Ana saƙa, ana waƙa, ana nuna wa yara hotunan dabbobi da na labaran Littafi Mai Tsarki, in gari ya yi kyau a fita da su su tsinko ganyaye da furanni su koyi sunayensu. Wata yarinya mai suna Luwisa Scheppler, wadda ta zo aikin gida a gidan faston, ita ce daga baya ta riƙe wannan aiki shekaru masu yawa, har aka ba ta lambar girma a birnin Faris a shekarar 1829.

Mu lura da abu biyu. Oberlin ya biya waɗannan 'yan mata lada, ya kuma koya musu abin da za su koyar. Ranar da aka soma biya da horarwa, ranar ce aikin ya zama sana'a. Sa'an nan kuma 'yan matan 'ya'yan ƙauyen ne. Sun san kowace uwa, sun san gidan da aka kwana da yunwa.

A Sikotilan ma, a shekarar 1816, wani mai masaƙa da ake kira Robert Owen ya buɗe wa 'ya'yan ma'aikatansa makaranta a New Lanark. Ya zaɓi wani masaƙi mai haƙuri, James Buchanan, da wata budurwa, Molly Young, ya kafa musu doka cewa kada su doki yaro, kada su tsorata shi, kada kuma su dame shi da littattafai tun lokaci bai yi ba.

Lambun Yara

Mutumin da sunansa ya fi fita a wannan aiki shi ne Friedrich Froebel, Bajamushe, ɗan wani fasto. An haife shi a shekarar 1782, uwarsa ta rasu tun bai cika shekara ɗaya ba. Ya tashi cikin kaɗaici, ya san zafin rashin uwa. Ya yi aiki a ƙarƙashin shahararren malamin nan na Suwizalan, Pestalozzi, wanda shi ma koyarwarsa ita ce uwa ce malama ta fari.

A shekarar 1837 Froebel ya buɗe wurin wasa da aikin hannu domin ƙananan yara a garin Bad Blankenburg. A 1840 ya raɗa masa suna Kindagatin, watau lambun yara. Sunan yana da ma'ana. Mai lambu ba ya jan shuka da hannu domin ta yi saurin tsawo. Ya san lokacin ban ruwa, ya san lokacin cire ciyawa, ya san tumatir dabam ne da albasa. Haka malama za ta zama ga yara.

Froebel ya shirya kayan wasa a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da fari ƙwallaye shida na zaren ulu masu launi dabam dabam. Bayansu gutattsarin katako, waɗansu zagayayyu, waɗansu masu kusurwa, waɗanda yaro zai warwatsa ya sake haɗawa. Kowane yaro yana da ɗan fegi a lambu da zai shuka abin da yake so. A wurin Froebel wasa shi ne aikin yaro, ta nan yake koyon ƙirga, da siffa, da jiran layi, da raba abu da ɗan'uwansa.

Duk da haka bai manta da gida ba. A shekarar 1844 ya buga littafin waƙoƙi da wasannin yatsu domin uwa ta yi da jaririnta. A ƙarshen rayuwarsa kuma ya ba da ƙarfinsa ga horar da 'yan mata su zama malaman lambun yara, a zamanin da mutane da yawa suke ganin koyarwa aikin maza ne. Gwamnatin Furushiya, babbar masarauta a cikin Jamus, ta zargi makarantun da yaɗa ra'ayin tawaye da rashin addini, ta hana su a 1851. Froebel ya rasu a shekara mai bi da baƙin cikin wannan. Ba a ɗage dokar ba sai 1860. Amma matan da ya horar sun riga sun ɗauki aikin zuwa Ingila da Amurka.

A Amurka, cikin unguwannin matalauta da baƙi, malaman lambun yara sun saba da wani tsari da ya kamata mu riƙe. Da safe suna aji da yara. Da rana su bi gida gida suna gaishe da iyaye, suna duba mara lafiya, suna kiran taron iyaye mata. Ziyarar gida rabin aikin ce, a kanta aka ɗauke su.

Dokar Da Aka Manna A Bango

Mariya Montessori tana cikin matan farko da suka zama likita a Italiya. Ranar 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe abin da ta kira Gidan Yara a San Lorenzo, wata unguwar matalauta a birnin Roma. Yara wajen hamsin ne na wani babban gidan haya, waɗanda iyayensu suke fita aiki su bar su suna ɓarna a bango da matakala.

Mutane sun fi tunawa da ƙananan kujeru da tebura daidai tsawon yaro, da yadda ta bar yara su wanke hannu, su share wuri, su ɗaura maɓallinsu da kansu. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Malamar tana zaune a cikin wannan gidan hayar, maƙwabciyar iyayen ce. An kuma manna dokoki a bango. Iyaye su kawo yaro a kan lokaci, da tsabtar jiki da ta tufa. Su girmama malama, su haɗa kai da ita. Uwa kuma ta riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a mako ta zauna da malama, ta gaya mata halin da yaro yake ciki a gida, ita kuma ta karɓi shawara. Ka ga magana tana tafiya ta fuska biyu ke nan. Malama tana koyo daga uwa kamar yadda uwa take koyo daga malama.

A London kuma, 'yan'uwa mata biyu, Rahila da Margaret McMillan, sun buɗe makarantar raino a fili a unguwar Deptford a 1914. Sun gane yaro mai yunwa ko mai ƙazuwa ba ya koyo, saboda haka wanka da abinci da barcin rana suna cikin darasi. A 1930 aka buɗe kwalejin horar da malaman raino da sunan Rahila.

An Auna, An Gani

Mai karatu zai ce, duk wannan ra'ayin mutanen dā ne, ina shaida? Gani ya kori ji. Akwai bincike biyu da aka bi yara har suka girma.

Na fari an yi shi a Ypsilanti, jihar Mishigan ta Amurka, daga 1962 zuwa 1967, ana kiransa shirin Perry. An ɗauki yara 123 baƙaƙen fata daga gidajen matalauta, 'yan shekara uku da huɗu. An raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Yara 58 suka shiga aji na awa biyu da rabi kowace safiya, malama ɗaya ga yara biyar ko shida. Kowane mako kuma malama takan je gida ta yi awa ɗaya da rabi tare da uwa da yaron. Sauran yaran ba a yi musu kome ba. Da suka kai shekara 40 aka sake duba su. Cikin waɗanda suka shiga shirin, kashi 76 cikin 100 suna da aikin yi, cikin sauran kuwa kashi 62. Waɗanda 'yan sanda suka kama sau biyar ko fiye, kashi 36 ne a cikin 'yan shirin, kashi 55 a cikin sauran.

A shirin Perry an haɗa aji da ziyara, saboda haka ba a iya raba amfanin wannan da na wancan. Bincike na biyu shi ya nuna ƙarfin ziyara ita kaɗai. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci, 'yan wata 9 zuwa 24. Waɗansu aka riƙa ba su madarar gari. Waɗansu kuwa ma'aikaciyar lafiya ta unguwa takan ziyarce su awa ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta kira sunayen abubuwa, ta yaba masa. Kayan wasan na gida ne, an yi su da tarkacen da ake zubarwa. Waɗansu yaran sun sami duka biyu, waɗansu ba su sami ko ɗaya ba.

Bayan shekara ashirin aka nemo su. A rahoton da aka buga a 2014, waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga wajen kashi 25 cikin 100 fiye da waɗanda ba a ziyarta ba, har sun kamo tsararsu da ba su taɓa tsumburewa ba. Madarar ta taimaka da fari, amma abin da ya dawwama shi ne abin da aka koya wa uwa. Dalilin a fili yake. Baƙuwa awa ɗaya take yi ta tafi, uwa kuwa tana nan dare da rana.

A Ƙasarmu

A Nijeriya, manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ba karatun share fage babi nasa. Ta ce amfaninsa shi ne yaro ya ƙetare daga gida zuwa makaranta cikin sauƙi, a kula da shi sa'ad da iyaye suke gona ko kasuwa ko ofis, a koyar da shi ta hanyar wasa, da harshen uwa ko harshen da ake yi a wurin. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, a 2013 kuma aka sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, abin da mutane suke kira rabin aji.

A takarda tsarin yana da kyau. A aji kuwa sau da yawa labari ya sha bamban. Akan tara yara hamsin ko sittin a ɗaki ɗaya, a zaunar da su a benci tun safe, a ba ɗan shekara uku fensir a ce ya cika shafi da baƙaƙe, alhali yatsunsa ba su yi ƙwari ba tukuna. In ya kasa a ɗauko bulala. Iyaye kuma su ne suke matsa lamba, gama in ba su ga littafi cike da rubutu da aikin gida ba sai su ce makarantar ba ta koyarwa, su cire yaro. Yaron da aka yi wa haka yana iya haddace A zuwa Z, amma ya koyi wani darasi tare da shi, cewa makaranta wurin tsoro ce. Wannan darasi yana da wuyar gogewa.

Mece Ce Gwanintar Malama?

Kafin yaro ya cika shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa in bai iya ba sai ya karya. Ga abin da malama mai horo ta sani.

Ta san matakan girma, abin da ɗan shekara uku zai iya da abin da sai ya kai biyar. Ta iya lura. Takan gane yaron da ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko mai matso da abu kusa da ido, ko wanda bakinsa ya yi nauyi fiye da na tsararsa, ta gaya wa iyaye su kai shi asibiti da wuri. Ta iya shirya wasa mai manufa. Yumɓu da yashi suna ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir. 'Ya'yan tsamiya da murafun kwalba sun isa koyar da ƙirga da rarrabewa. Tatsuniya da kacici-kacici suna buɗe baki da kunne, su kuwa su ne ƙofar karatu. Ta iya tsawatawa ba tare da duka ko zagi ba. Ta kuma iya riƙe asiri. Abin da ta gani a gidan wani ba ya zama hira a kasuwa ko a taron zumuntar mata.

Abin Da Ke Wuyan Kowa

Ga 'yan'uwanmu malamai, zumunci a ƙafa yake. Ko sau ɗaya a zango ne, a taka a je gidan kowane yaro, a sanar kafin a zo, a yi gaisuwa yadda ta kamata. A fara da tambaya kafin a ba da shawara. "Mama, me yake so ya yi in yana gida? Me yake tsoro? Wa yake kwana wurinsa?" A gidajenmu da yawa kaka ce ko goggo ko yaya take riƙe da yaro, musamman bayan yaye, to ita ma a san ta, a girmama ta. Kada sai yaro ya yi laifi sa'an nan a nemi iyaye. In malama ta saba kai labari mai daɗi, ranar da ta zo da mai ɗaci za a saurare ta. Uwar da ba ta yi boko ba kada a raina ta, gama ta san ɗanta fiye da kowane mai takardar shaida.

Ga iyaye, ku gaya wa Malama abin da ya faru a gida. In an yi rasuwa, ko an haifi ƙane, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ta sani, don kada ta ɗauki kukansa a kan taurin kai. Ku yi magana da yaro da harshen da kuka fi iyawa, ku bar shi ya yi tambaya. Uwa tana tuƙa tuwo tana iya sa shi ƙirga kwanuka. Uba ma kada ya ce wannan sha'anin mata ne. Minti goma na hira a kan tabarma bayan cin abincin dare, ko ƙera motar kara tare, yaro ba ya manta su. In kuna da ƙorafi a kan Malama, ku same ta ku kaɗai, kada ku kushe ta a gaban yaro, gama gobe wurinta zai koma.

Ga dattawan Ikkilisiya da kwamitin makaranta, ajin ƙanana shi ya fi bukatar malamar da ta fi haƙuri da horo. A tura ta kwalejin ilimi ko kwas na hutu, a biya ta albashinta a kan kari, a rage yawan yara a aji, a ba ta lokacin ziyara cikin lokacin aiki. Oberlin fasto ne na matalauta, duk da haka bai ce 'yan matan nan su yi aiki kyauta ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro yana awa huɗu ko biyar a wurinmu, sauran awoyin yini da dare duk a hannunku yake. A wannan zango, bari kowace uwa da kowane uba su keɓe rana ɗaya su je su zauna da malamar ɗansu, kowace malama kuma ta rubuta sunayen gidajen da ba ta taɓa shiga ba, ta soma da na farko a wannan mako.